Hoton Ƙashi a Bakin Tanda

Duk wanda ya taɓa karyawa a unguwar Wunti ta garin Bauchi ya san Sauda Mai Masa. In ya ce bai san ta ba, to ko dai baƙo ne, ko kuma bakinsa bai san daɗi ba. Shekara talatin da ɗoriya tana zaune a gindin darbejiyar nan ta bakin layin teloli, da tandarta ta ƙasa mai gida goma sha biyu, da siririn tsinken ƙarfe da take juya masa da shi. Ta zuba mai, ta zuba ƙullu, kafin ta kai gida na ƙarshe na farko ya yi ja, sai ka ga ta soka tsinke ta murɗa babban yatsa, fat, masa ta kife. Ko kallon tandar ba ta yi. Tana juyi tana yi wa mai keke mai ƙafa uku faɗa ya matsa mata da hayaƙinsa, tana tambayar Festus mai shagon kayan babur lafiyar iyalinsa.

Amma ba cinikin safe ne abin alfaharinta ba, masar suna ce. A unguwar nan ba a raɗa wa jariri suna a watse ba a ci masar Sauda ba. Akwai magidanta masu gemu yau waɗanda ita ta soya ta sunansu, ta kuma soya ta 'ya'yansu. In ta ga ɗayansu yana hura hanci sai ta ce, "Kai tafi can! Ni na soya masar sunanka, mudu huɗu, kuma ba ta isa ba."

To, hannun da ya yi wannan aikin ne ya fara gajiya. Da fari tsami ne kawai da safe, sai ta sha fama kafin yatsun su miƙe. Daga baya wasu ƙullutai suka fito mata a gaɓoɓin ƙarshe na yatsu, masu tauri kamar tsakuwa, sannan wani babba ya tsaya a gindin babban yatsanta na dama, daidai wurin da ƙarfin murɗa tsinke yake fitowa. Duk masar da ta juya sai ta ji kamar an soka mata ƙaya. Ta cije. Sauda ba mai raki ba ce, haihuwa bakwai ta yi ba wanda ya ji muryarta.

Kuskurenta ɗaya ne, kuma kuskure ne irin namu. Wata maƙwabciya ta ce mata mataccen jini ne ya taru, wanzami zai fitar da shi. Ta tafi, ya yi mata tsaga uku a kan ƙullutun, ya shafa baƙin magani. Jini kam ya fita, amma ƙullutu yana nan daram, don ba jini ba ne a ciki. Garin neman gira aka kusa rasa ido, wurin ya kumbura ya yi ruwa saboda zafin wuta, dole ta naɗe shi da tsumma ta koma buga ƙullu da hagu. Bayan mako biyu ciwon ya bushe sarai, amma baƙin tabon ya ba ta kunya, sai ta ci gaba da naɗewa.

Kai, bakin mutane! Mai abinci, da hannu a naɗe, da yatsu masu ƙullutai, me kuma ake jira? Ba wanda ya san wanda ya fara faɗa, kullum haka ne, mai fara magana ba ya da suna. Aka ce an ce hannun Sauda ya fara ruɓewa. Kafin Juma'a ta zagayo an kira sunan cutar ƙiri-ƙiri, wai kuturta ce. Mutanen da suka girma da masarta suka koma tsallaka titi su gaishe ta daga nesa, gaisuwa mai kyau kuwa, har da tambayar jiki. Masu saye suka rage saura biyu: Festus, da Jemima mai kunun gyaɗa, wadda ke zama gefenta shekara goma sha biyar.

Jemima mutuniyar Bogoro ce, kowa Maman Joel yake ce mata. Ta yi shekaru tana shara a asibiti kafin ta ajiye ta kama kunu, don haka ba ta tsoron ciwo, masu ɓoye shi ne ke ba ta haushi. Kullum sai ta ce, "Yaya Sauda, mu je a duba hannun nan." Kullum Sauda ta ce, "Maman Joel, rabu da ni. Hannuna ne, ni na san shi."

Ana cikin haka, ranar wata Asabar, aka aiko mata daga unguwar Ɗan Iya cewa matar ɗanta ta sauka lafiya, an samu namiji.

Ɗan nata Izzuddeen shi ne ɗan farinta, ma'aikacin gwamnati ne, kuma wannan ce haihuwarsa ta farko bayan shekara shida ana jira. Sauda ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, ba ta taɓa zama ta yi doguwar hira da shi ba, don kunyar ɗan fari irin ta mutanen da ce take yi. In zancensa ya kama dole, "mutumin Ɗan Iya" take cewa. Da ta ji saƙon ba ta yi guɗa ba, ta ce "Allah ya raya" kamar ɗan wani aka haifa. Amma tana shiga ɗaki ta buɗe buhun farar shinkafar da ta ɓoye tun cikin yana wata huɗu, ta tsoma hannu a ciki tana murmushi ita kaɗai.

Washegari ta tafi barka. A ɗakin mai jego ta tarar da surukarta, Hajiya Halimatussa'adiyya, uwar matar, wadda ta zo zaman jego. Tsohuwar malamar makaranta ce, mai tsafta da ƙa'ida, tana zaune a kan kujera hannuwanta duka a cikin mayafi, wata tsohuwa da aka ɗauko tana shirya jaririn bayan wanka. Sauda ta ce a ranta, hannun 'yan boko ke nan, ko jikansu ba sa yi wa wanka. Aka gaisa, aka yi barka da arziki. Sauda ta miƙa hannu tana dariya.

"Ku ba ni angon nawa in gani, ko ya isa ya ba ni kuɗin cefane."

Tsohuwar ta dubi Hajiya, Hajiya ta dubi ƙasa.

"Yanzu ya samu barci," in ji Hajiya. "A bar shi tukuna."

Jaririn kuwa idonsa biyu, yana ta wutsil-wutsil da ƙafa. Sauda ta mayar da hannunta cikin zane a hankali. Ruwan da aka kawo mata ma a kofin roba ne, irin wanda ake sha a yar. Ta sha, ta yi godiya, ta fito ta hau keke ta koma gida.

Da la'asar ɗin Litinin Izzuddeen ya zo. Ya durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Ta tura masa kwanon masa da sukari, irin ta gefen tanda mai ɗan ƙonewa da yake so tun yana yaro. Ya dubi kwanon.

"Na ƙoshi, Inna."

Ya yi ta kame-kame, sannan ya fito da abin da ya kawo shi. Wai an ga jikinta ba daɗi, an ga ya kamata a hutar da ita. Masar suna an riga an ba wata mata aikin, za a kawo a kuloli ranar Asabar. Ita dai ta zo ta zauna a yi da ita.

Da wata uwar ce, da ta fashe da kuka, ko ta zazzage shi tas. Sauda ba ta da wannan hanyar, tsakaninta da shi akwai katangar da ita ta gina da hannunta tun ranar da aka haife shi. Ta ce, "To. Allah ya kai mu." Da ya tafi ta zauna ta dubi kwanon da bai taɓa ba, sai ta ji wani baƙin ciki irin wanda ba ta ji ba ko ranar da mijinta ya rasu. Mutanen titi su guje ta, wannan da sauƙi. Amma ɗan da ta goya a bakin tandar nan ya ji ƙyamar hannunta? Ta soya wa 'ya'yan duniya, sai na jikanta ne za a kawo masar wata a kula, ta huce ta yi gumi? Ta tashi tsaye ta ce a fili, ba kowa a ɗakin, "Wallahi ba a isa ba."

Gari na wayewa ta tsaya a kan Jemima. "Maman Joel, rufe kunun nan. Ina ne asibitin naku?"

"Yau rana daga ina ta fito?" in ji Jemima, amma tuni ta fara kife kofuna.

Suka yanki kati, suka bi layi har azahar ta kusa. Likitar da suka samu wata matashiya ce mai suna Charity, ba ta wuce sa'ar autar Sauda ba. Ta ce a kwance tsumman. Sauda ta kwance tana kawar da kai. Yarinyar nan kuwa ta kama hannun da nata hannun, haka nan ba safa ba komai, ta juya shi, ta danna nan ta danna can. Wata guda ke nan rabon da wani ya taɓa hannun nan. Likitar ta sa ta rufe ido, ta riƙa shafa mata auduga a yatsu da tafi tana tambaya ko ta ji. Ta ji duka. Ta duba mata hannuwa da baya da fuska ko akwai wani tabo mai haske, babu. Sannan ta tura su ɗaukar hoton ƙashi.

Da suka dawo da babbar ambulan, likitar ta ɗaga baƙin hoton a jikin fitila. Sauda ta ga hannunta ba nama, fari fat, yatsu biyar cif.

"Mama, dubi nan," in ji likitar. "Kin san farin guringuntsin nan da ke kan gaɓar ƙashin miya, mai santsi? Kowace gaɓa tamu tana da shi, shi ke hana ƙashi gogar ƙashi. Naki ya suɗe saboda shekaru da aiki. Da ƙashin ya ji nauyi ya yi masa yawa, sai ya tsiro ƙari a gefe-gefe. Ga su nan kamar 'yan ƙahonni. Su kike ji da tauri."

"Ba waccan cutar ba ce?"

"Ba kuturta ba ce, Mama, ko kusa. Ita ma da ita ce, tana da magani ana warkewa, ba abin gudun mutum ba ne. Wannan kuwa ba a ɗaukarsa, ko kwano ɗaya ake ci da ke shekara ɗari."

"To a cire shi."

Likitar ta girgiza kai. Ta ce tsiron ba ya komawa, kuma nata bai kai ga aiki ba. Abin yi shi ne ta riƙa gasa hannun da ruwan ɗumi kafin ta fara aiki, ga maganin shafawa, ga na sha in zafin ya matsa, ta kuma riƙa hutar da shi. Ta tambayi abin da take riƙewa duk yini. Sauda ta zaro tsinken daga jaka, don ba ta zuwa ko'ina ba shi. Likitar ta juya shi ta ce, "Wannan ne ke cin ki. Siririn abu sai an matse shi da babban yatsa. Ki sa a yi masa mariƙi mai kauri, yadda za ki damƙe shi da tafin hannu gaba ɗaya. Kuma don Allah ki yar da tsumman nan, ciwon ya warke tuni."

Ta ɗauki biro za ta rubuta mata takardar shaida. Sauda ta ce, "'Yata, wa zai tsaya karanta Turancinki a Wunti? Ba ni hoton nan dai. Gani ya kori ji."

Daga asibiti ba su koma gida ba, unguwar Gwallaga suka wuce wurin wani maƙeri. Ya yi dariya da ya ji buƙatar, ya ce shi tun da yake bai taɓa yi wa tsinken masa ƙota ba. Sauda ta ce to yau zai fara. Ya feƙe guntun icce mai kaurin ƙotar fartanya, ya gasa gindin tsinken ya soka a ciki.

Kada ka ce shi ke nan an gama. Hannun da ya shekara talatin yana murɗawa da yatsa ba ya koyon juyi da wuyan hannu a kwana ɗaya. Ranar Laraba masa ta yi ta yagewa, wata ta faɗa toka, wata ta ƙone kafin ta kai gare ta. Sauda Mai Masa guda, tana ɓata masa kamar sabuwar amarya! Teloli suna leƙowa suna ƙus-ƙus. Ta zauna da hannunta a buɗe, tabo da ƙullutai duk a waje, ta kwashe ɓatattun ta sake zubawa. Festus ya zo ya ja benci ya ce a zuba masa yagaggun.

"Mama, ni shekara ashirin ina ci a nan. In mutuwa ne, da na mutu tun tuni."

Ranar Alhamis rabi suka fita lafiya. Ranar Juma'a da hantsi ta juya goma sha biyu a jere ba wadda ta yage, Jemima ta ajiye ludayi ta rangaɗa guɗa har mai keke ya taka birki. Zafin bai tafi ba, ƙarya ne a ce ya tafi, amma ya sauko daga sukar ƙaya zuwa abin da mutum zai iya aiki da shi. A ranar ta wanke shinkafar nan da ta ɓoye, mudu shida, ta jiƙa, da yamma ta kai inji, ta haɗa ƙullu ta rufe.

"Sun ce ki soya ne?" Jemima ta tambaya.

"Ba su ce ba."

"To in suka kore mu fa?"

"Titin Ɗan Iya na gwamnati ne, Maman Joel. Ba a cikin gidansu zan zauna ba."

Ranar Asabar ana idar da sallar asuba keke ya sauke su a ƙofar gidan Izzuddeen, da tanda da icce da bokitan ƙullu biyu da tukunyar miyar taushe. An shimfiɗa tabarmi a waje, maza sun fara taruwa, ga kulolin masar da aka yi oda an jere a bakin ƙofa. Sauda ta zaɓi wuri a gefen katanga, inda kowa zai gan ta. Ta kafa duwatsu, ta hura wuta, ta tsoma hannunta a ruwan ɗumi kamar yadda aka ce. Sannan ta ɗaura igiya daga turken wutar lantarki zuwa ƙarfen taga, ta zaro hoton ƙashin ta maƙale shi da abin shanya, daidai saman tanda, inda hasken gabas ke ratsa shi.

Mai ya yi zafi, ƙullu ya sauka, cuuu. Ƙamshi ya bi layin. Maza suka riƙa satar kallo, su dubi hannun da ke rataye, su dubi hannun da ke juyi. Liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. Masa ta taru a faranti har ta yi tudu, tana tururi, amma ba wanda ya taso. Izzuddeen yana tsakiyar abokansa, kansa a sunkuye kamar wanda aka kama da sata. Sauda ta ci gaba da zubawa. In aka watse ba a ci ba, ta san ta gama soya masa a garin Bauchi.

Sai ga ƙofar gida ta buɗe, Hajiya Halimatussa'adiyya ta fito a lulluɓe, ta nufo ta da sauri. Ta rage murya.

"Haba Yaya Sauda, a gaban baƙi? Me ya yi zafi haka? Ki shigo ciki mu yi magana."

Sauda ta kwana uku tana wasa maganganun da za ta yaɓa wa matar nan. Ta juya masa ɗaya, ta juya ta biyu, sannan ta ɗago.

"Hajiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga hannuna a waje, ga shi can a ciki, likita ta ɗauka. Ki duba da kyau, ke mai ilimi ce. In kin ga abin da ake faɗa, da kaina zan kashe wutar nan."

Hajiya ta ɗaga kai don ta kawar da zancen, sai idonta ya tsaya a kan hoton. Ta matsa kusa. Ta daɗe tana kallo, har Sauda ta kwashe zubi guda ta sake wani.

"Waɗannan 'yan tsinin na bakin gaɓa," ta ce, muryarta ta canza, "mene ne su?"

Jemima ta karɓe, ta zayyana mata duk abin da likita ta faɗa, da guringuntsin da ya suɗe, da ƙashin da ya tsiro, da audugar da aka shafa.

"Da safe yatsun sukan ƙage?" Hajiya ta tambaya.

"Kamar icce," in ji Sauda.

"Kuma ba a ɗauka?"

"Ko kwano ɗaya ake ci shekara ɗari. Haka ta ce."

Hajiya ta juya wa mazan baya. A hankali ta fito da hannunta na dama daga cikin mayafi ta ɗora a kan gwiwar Sauda. Innalillahi! Ƙullutai ne a kan gaɓoɓin yatsu huɗu, sun fi na Sauda girma, ga wani zoben zinariya ya nutse cikin nama ya kasa wuce gaɓa.

"Shekara biyu," in ji Hajiya, hawaye na zubo mata. "Shekara biyu ban ci abinci kwano ɗaya da 'ya'yana ba. Kofina daban, cokalina daban, suna cewa tsafta ce ta yi min yawa. Na ji tsoron asibiti, kada a faɗa min. Da na ji abin da ake faɗa a kanki sai na ce shi ke nan, nawa ma shi ne. Yaya Sauda, yaron nan kwanansa bakwai a duniya, wallahi ban taɓa shi ba."

Duk maganganun da Sauda ta wasa suka bi iska. Tausayi ya kama ta, har da ɗan haushi, wai mace da iliminta ta zauna shekara biyu tana cin kanta ita kaɗai. Ta kama hannun ta juya shi kamar yadda likita ta juya nata.

"Ke kuma wace tanda kika soya?"

"Alli," in ji Hajiya, tana dariya tana kuka. "Shekara talatin da biyar ina rubutu a allo."

"To ranar Litinin Maman Joel za ta kai ki, ki ji daga bakin likita, kada ki ce ni na faɗa. Yanzu dai ungo."

Ta soko masa daga tanda ta miƙa mata a kan tsinke. Hajiya ta karɓa da yatsun nan nata, a fili, ta juyo ta fuskanci tabarmin maza, ta gutsura ta ci. Ta cinye ta miƙa hannu a ƙara mata.

Liman ne ya fara magana, dattijo mai barkwanci. "Jama'a, ni fa tun ɗazu ƙamshin nan ke hana ni jin abin da kuke cewa. Ko sai mata sun cinye za a tuna da mu?"

Aka yi dariya, irin dariyar mutanen da kunya ta kama. Wani ya yunƙura zai tashi, amma Izzuddeen ya riga shi. Ya taho ya durƙusa a gaban tandar, kusa, yadda bai taɓa matsowa kusa da ita ba tun yana yaro. Bai ɗauki farantin ba tukuna. Ya sa hannu a gefen tanda ya ciro mai ɗan ƙonewar nan, ya kai baki, idonsa ya yi ja.

"Inna," ya ce.

Sauda ta kawar da kai tana gyara icce. "Maman Joel, ki gaya wa mutumin Ɗan Iya da zafi, kada ya ƙona bakinsa. Ga sukari nan a leda."

Shi ya ɗauki farantin da kansa ya kai gaban liman. Kafin rana ta ɗaga bokiti biyu sun ƙare ƙaf, har ana rigima a kan ta ƙarshe, kulolin nan kuwa sai almajiran layin da maƙwabta aka raba wa. Wani tela ɗan Wunti da ya zo sunan, wanda ya yi wata guda yana tsallaka titi, ya zo yana sosa ƙeya wai a sa masa ta ɗari biyar gobe. Sauda ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ni na soya ta sunanka, mudu uku. Ka zo da wuri."

Ta kashe wuta, ta wanke hannu da sabulu, ta sauke hotonta ta mayar cikin ambulan. Hannun yana zugi har kafaɗa. Hajiya ta ja ta suka shiga ciki, suka wuce matan da suka fara cika tsakar gida, har ɗakin mai jego. Tsohuwar nan tana riƙe da jaririn. Hajiya ta miƙa hannu biyu ta karɓe shi, ta rungume shi, ta sunsuni kansa. Ba ta daɗe ba ta juyo.

"Karɓi angonki. Ke kika fara miƙo hannu."

Sauda ta zauna a bakin gado ta karɓe shi. Ba nauyi, ɗumi kawai. Ta buɗe zanen ta dubi fuskar, ga goshin mutumin Ɗan Iya sak, amma wannan ba ta faɗa ba.

"Kai, wannan ango mummuna ne," ta ce. "Ni ba na so, ku mayar da abinku."

Jaririn ya miƙa ɗan hannunsa yana lalube, ya samu babban yatsanta ya damƙe, daidai kan ƙullutun, da irin ƙarfin nan na jarirai. Zafi ya harba mata har gwiwar hannu. Ba ta janye ba.